Fanbel na Huɗu

Fat! Kamar an tsinka bulala a cikin inji. Sai wani abu ya shiga dukan ƙarfe, fal-fal-fal, sitiyari ya sandare a hannunta, jar fitilar batir ta kama a gabanta.

"Anti Direba, an harbe mu!" in ji wata yarinya daga kujerar baya.

"Ba wanda ya harbe ki. Kowa ya riƙe kujerarsa!"

Yara goma sha ɗaya ne a cikin ƙaramar bas ɗin, ga gangare, ga wata babbar mota tana danna mata hon a baya. Anti ta sa hannu biyu da ƙarfin kafaɗa ta murɗa sitiyarin, motar ta bi da ƙyar kamar mai yi mata alfarma, har ta samu ta raɓa gefen titi a gaban wani shagon aski. Ta kashe inji tun kafin allurar zafi ta kai ja. Ko ba ta buɗe bonet ba ta san abin da ya faru, amma ta buɗe. Fanbel ne. Ga shi can ya naɗe a jikin inji, gefensa ya zama zare-zare. Na uku ke nan cikin mako bakwai.

Ƙarfe bakwai da minti ashirin, makaranta kuwa bakwai da rabi take rufe ƙofa. Ta jera yaran biyu-biyu, ta saɓa ƙaramarsu a kafaɗa, suka taka da ƙafa. Takwas saura minti goma suka isa, gumi ya jiƙa mata baya sharkaf.

Shugabar makarantar tana tsaye a bakin ƙofa, ta harɗe hannuwa. Sai da ta ƙirga yaran ɗaya bayan ɗaya suka shige, sannan ta dubi Anti.

"Sau uku ke nan."

"Ranki ya daɗe, bel ne ya..."

"Wancan karon ma bel ne. Iyaye ba su san bel ba, ni suka sani. Akwai mai sabuwar mota da yake ta yi min zarya tun farkon zango, ina korarsa saboda darajar maigidanki. Yau ƙarfe biyu za a tashi. In biyu ta yi motarki ba ta nan, gobe shi zai ɗauke su."

Ba ta ɗaga murya ba, kuma Anti ta gwammace a ce ta ɗaga. Shekara guda ke nan da ciwon baya ya kwantar da maigidanta, ta rufe keken ɗinkinta da zane ta karɓi makullin mota. Jigilar yaran nan ita ke riƙe da gidan.

Kafin ta koma wurin motar, Nan-take, da ta kira a waya tun a hanya, ya riga ta isa a kan babur, da sabon bel a rataye a wuya. Ƙanin mijinta ne, bakanike, kuma ba a banza aka laƙaba masa sunan ba: kafin mai mota ya gama faɗin abin da ke damunta, ya kwance noti huɗu.

"Matar Yaya, kin sake cinye min bel? Wai ke da haƙori kike tuƙi ne?"

"Da belin da ƙaramin mijina yake sa min nake tuƙi. Yi sauri ka sa, muna da magana."

Cikin minti goma ya zare tsohon, ya ɗora sabon, ya ce ta tayar. Inji ya tashi lafiya, fitilar batir ta mutu. Amma can ƙasa-ƙasa akwai wani ɗan sauti, cik-cik-cik, kamar an rufe ɗan tsako a cikin kwali.

"Ka ji?"

"Sabo ne, zai zauna."

"Haka ka ce wancan karon. Da na kafin shi. Hau babur ɗinka, gareji za mu."

"Haba Anti, ina da motoci uku suna jirana!"

"Yanzu sun zama huɗu."

Garejin rumfar kwano ce mai rami a tsakiya, ƙasan ya yi baƙi ƙirin da tsohon mai. A jikinsa akwai ɗan shagon kayan gyara na wani dattijo da kowa ke kira Baba Mai Shago, bel-bel na lilo daga rufin shagon har suna shafar kan mai shiga. Nan-take ko sauka daga babur bai gama yi ba ya fara.

"Baba, kayan nan naka na bana sai a hankali. Bel uku a mako bakwai! Anya ba jabu suke kawo maka ba?"

Baba ya ajiye kofin shayinsa, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya fito a hankali.

"Yaro, tun uwarka na goyonka nake sayar da bel. Daga kwali ɗaya na sayar wa mutum goma sha biyu, ba wanda ya dawo sai kai. Ina gawarwakin?"

"Wa zai ajiye mataccen bel?"

"Ni," in ji Anti.

Ta zagaya ta ɗaga kujerar baya, ta zaro biyun farko. Tela ba ya yar da abin da zai iya zama hannun jaka. Ta haɗa da na yau, ta shimfiɗa su a kan benci kamar yadda take shimfiɗa yadi, ta juya su yadda rubutun da ke bayan kowanne ya fuskance ta. Nan ta tsaya, ta karkata kai.

"Baba, zo ka ga wani abu. Kai kuma, in za ka sa bel, ta wane gefe kake juya rubutun?"

"Yadda zan iya karantawa daga gaba mana. Kullum haka nake yi."

"To duba. Duka ukun ta saman rubutu suka cinye. Ƙasan kuwa lafiya lau, kamar yau aka fito da shi daga kwali."

Baba ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa benci. Ya bi gefen da ya cinye da babban yatsa, ya yi wani ɗan sauti a maƙogwaro, irin na wanda aka ba labari mai daɗi. Ya koma rumfar, ya ciro wani tsohon bel da ke rataye a ƙusa, ya lanƙwasa shi a gaban idonta.

"'Yata, kin ga wannan? Tsufa ne ya kashe shi. Dubi cikinsa, layukan nan duk sun tsattsage a karkace kamar diddigen manomi. Dubi bayansa yadda yake sheƙi, zamewa ce ta goge shi. Haka bel yake mutuwa in kwanansa ya ƙare. Yanzu lanƙwasa naki."

Ta lanƙwasa. Ko tsaga ɗaya babu, robar baƙa wuluk, da taushinta.

"Naki yara ne," in ji Baba. "Kashe su aka yi."

"Wa ya kashe su?"

"Shi za mu nema. Yaro, kawo min gorar ruwa, ka tayar da motar."

Nan-take ya yi tsaki, amma ya kawo. Baba ya huda murfin gorar da ƙusa, ya sa su matso, ya ce kowa ya tattare rigarsa. Inji na juyawa, ɗan tsakon na ta kuka. Baba ya fesa ruwa a cikin belin. Sautin ya ɗauke ɗif. Anti ta fara ƙirgawa a ranta, tana kai bakwai ya dawo, cik-cik-cik.

"Me ke nan?" ta tambaya.

"Da sakwarkwacewa ya yi, ruwa na taɓa shi sai ya ƙwalla ƙara, don zai ƙara zamewa. Shi kuwa wannan shiru ya yi. Ruwan ya zame masa mai na ɗan lokaci. Gefensa yana gugar wani abu."

Anti ta tsaya tana kallon belin yana gudu a kan faya-fayan ƙarfen nan da makanikai ke kira fuli: babba a ƙasa, na famfon ruwa, na sitiyari, da ƙaramin can sama na altaneta, mai cajin batir. Abin ya yi mata kama da wani abu da ta sani.

"Keken ɗinkina ya taɓa yin haka," ta ce. "Lokacin da muka tashi daga tsohon gida, aka ɗaura kan keken a teburinsa a karkace. Igiyar ta riƙa cinyewa ta gefe ɗaya tana sauka. Na canja igiya har uku kafin na gane laifin ba nata ba ne, ƙafafun biyu ne ba sa kallon juna."

"Anti, wannan fa mota ce, ba keken ɗinki ba."

"Kashe ta ka cire min belin, malam mai mota."

Ƙarfe goma ta wuce. Ya cire. Baba ya ce a fara juya kowane fuli da hannu, a ji ko boris, ƙwallayen ƙarfen da fuli ke juyawa a kansu, ya mutu. Nan-take ya bi su ɗaya-ɗaya, yana juyawa, yana girgizawa, yana kara kunne. Babu mai gurnani, babu mai rawa. Yanzu shi ma fuskarsa ta canja, ya daina duban sauran motocin.

"To in duk lafiyarsu lau, me ke cin belin?" ya ce, ya tsuguna ya rufe ido ɗaya yana leƙe ta gefe. "Ni dai a idona daidai suke."

"Idonka ne ya sa bel uku," in ji Baba. "Da akwai doguwar rula ta ƙarfe da mun kara."

Suka nemi abin da zai yi. Wani falle na ƙarfe ya yi tsawo, bai shiga tsakanin inji da lagireto ba. Sifana ta yi gajarta. Anti ta buɗe jakarta, ta tona ƙarƙashin takardun mota, ta fito da farin zare a jikin ƙwarya.

"Riƙe nan," ta ce wa Nan-take. "Manna shi a fuskar babban na ƙasa, ya taɓa baki biyu. Kar ka saki."

Ta ja zaren ya miƙe tsam, ta kai shi kan fulin famfon ruwa. Ya kwanta a fuskarsa lif, baki da baki. Ta kai na sitiyari, shi ma haka. Ta ɗaga shi zuwa na altaneta. Zaren ya wuce ta gabansa bai taɓa shi ba. Tsakaninsu akwai fili, ana hango haske.

Baba ya laluba aljihu ya ciro ashana, ya zura tsinke ɗaya a filin, ya yi lilo. Ya haɗa biyu, suka zauna cif.

"Tsinke biyu," in ji shi. "Ya ja baya da tsinke biyu. Duk zagayen da belin zai yi sai ya karkata ya shiga, ya karkata ya fita, bakin fulin yana yankarsa."

"Kai!" in ji Nan-take. "Ɗan wannan filin?"

"Sau nawa inji ke juyawa daga gidanku zuwa makaranta?" in ji Baba.

Anti ba ta saki zaren ba. "To me ya kai shi baya? Da ƙafa ya taka?"

Nan-take ya sa sifana a notukan da ke riƙe da altanetar, duka a ɗaure tam. Ya haska ƙarfen da take zaune a kai, bai lanƙwashe ba, bai tsage ba. Ya sosa ƙeya da bayan sifana.

"Komai na wurinsa."

"Shekara biyu motar Yayanka ta yi da bel ɗaya," ta ce. "Me aka taɓa a motar nan mako bakwai da suka wuce?"

"Ba komai. Sai dai da ta daina caji na cire altanetar na kai wa Mai Waya, mai gyaran wutar mota, ya gyara. Na dawo da ita, na sa sabon bel, shi ke nan."

Anti ta karɓi fitilar daga hannunsa. Maigidanta mutum ne da bai yarda da kowa ba a kan mota, har ƙaninsa. Duk abin da ake iya kwancewa a jikinta sai da ya ɗiga masa shuɗin fenti: batir, sitata, har murfin lagireto. Ta haska altanetar sama da ƙasa, ta sa tsumma ta goge maiƙon da ke bayanta. Babu shuɗi. Sai wasu layuka uku da aka karta da ƙusa.

"Ƙaramin miji."

"Na'am."

"Ina fentin Yayanka?"

Ya leƙa. Ya sake leƙawa. Ya miƙe a hankali yana goge hannun da ba abin da ya taɓa.

"Wato... ranar da na je karɓa, Mai Waya ya fita cin abinci. Kin ce da yamma kina da ɗaukar yara. Na ga biyu a kan teburinsa, an gyara an wanke, iri ɗaya sak. Na ɗauki ta kusa da ƙofa."

"Ka ɗauki ta kusa da ƙofa."

"Wallahi kamarsu ɗaya, Anti! Notukan ma suka shiga ba gardama!"

Baba ya fashe da dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. "Jabu! Kayan Baba jabu ne! Gidan iri ɗaya ne, yaro, amma wuyan fulin kowace mota da nasa tsawon. Ka ɗauko ta wani bawan Allah, shi kuma an ba shi taku. Ina tabbatar maka yana can shi ma yana zagin mai shagon unguwarsu."

Anti ba ta yi dariya ba, ta duba agogon wayarta. Sha biyu saura kwata. Nan-take ya riga ya kira Mai Waya, ya koma gefe yana ta faɗa da hannu kamar mutumin yana gabansa. Ya dawo a sanyaye.

"Ya ce mai ɗayar ya zo masa sau biyar da tsinkakken bel, har sun kusa dambe. Ya ce zai neme shi. Amma gidansa can bayan gari ne, kuma ba ya ɗaukar waya."

"Ni ƙarfe biyu nake da ita, ba gobe ba. Baba, in fulin ya ja baya, ba a iya turo shi gaba?"

Baba ya dube ta ta saman tabarau. "Ana iyawa. A cire fulin, a sa washa, ɗan zoben ƙarfe mai kaurin tsinke biyu, a bayansa, a mayar. In dai an bar wa notin isasshen wurin kamawa. Lallaɓawa ce, ba gyara ba, amma za ta kai ki wata guda."

A nan Nan-take ya nuna ba sunan kawai gare shi ba. Kafin Baba ya dawo da gwangwanin washa daga shago, altanetar tana kan benci a matse. Notin fulin ya ƙi motsi. Ya zuba masa mai, ya zura bututu a hannun sifana, ya hau da duk nauyinsa, notin ya yi ƙara ya saki. Baba ya zazzage gwangwanin, Anti tana tona su da yatsa tana kara kowace da tsinken ashana biyu. Wadda ramin ta ya dace ta yi siriri. Wadda kaurinta ya kusa, ramin ya yi ƙanƙanta. Daga ƙarshe suka sami ɗaya mai rami daidai, sai dai ta fi kauri kaɗan.

"A sa haka nan," in ji Nan-take. "Ɗan bambancin nan..."

Anti ta dube shi kawai. Ya ɗauki washar ya nufi dutsen wasa wuƙa ba tare da ya ƙarasa ba.

Sai da aka ɗaura sau biyu. A karo na farko fulin ya turo zaren gaba da kaurin farce, ta ce a koma. Ƙarfe ɗaya da kwata aka ɗaura na biyu. Ta ja zaren daga babban fuli zuwa sama, ya kwanta a fuskar ƙaramin, baki da baki. Baba ya gwada zura gefen takarda a tsakani, ta ƙi shiga.

Nan-take ya ɗora belin, ya bi da yatsa ya tabbatar kowane layi ya zauna a raminsa. Anti ta shiga ta murɗa makulli. Su ukun suka kasa kunne. Inji kawai ake ji. Ta taka totur, ta saki, ta murɗa sitiyari har ƙarshe dama da hagu. Shiru.

"Matar Yaya," in ji Nan-take ta taga, murya ƙasa-ƙasa, "maganar teburin Mai Waya ɗin nan, ba sai Yaya ya ji ba ko?"

"Ya danganta da wanda zai wanke min motar ranar Asabar."

Biyu saura minti goma ta tsaya a ƙofar makaranta. Shugabar ta fito, ta dubi motar, ta dubi baƙin man da ya ɓata hannun rigar Anti har gwiwar hannu.

"Bel ɗin ne kika sake canjawa?"

"A'a, ranki ya daɗe. Abin da ke cinsa muka kama."

Shugabar ta gyaɗa kai. "Gobe bakwai da kwata."

Aka kaɗa ƙararrawa, yara suka ɓarko. Anti tana tsaye a bakin ƙofar motar tana ƙirga kawuna, ta kai tara, sai wani ɗan acaɓa ya ci birki a gaban bas ɗin har tayarsa na taɓa bamba. Wani ƙaton mutum ya sauko daga baya, mai faɗin ƙirji, rigarsa a jiƙe da gumi. Tsinkakkun bel biyar ne a rataye a wuyansa, a hannunsa kuma jakar sifanu. Bai yi sallama ba. Ya karanta lambar motar, ya duba wata 'yar takarda a tafinsa, ya ɗora hannu a kan bonet.

"Ke ce Mai Waya ya ce kina yawo da altanetata?"

"Malam, sannu. Ai mu ma nemanka muke. In ka kawo tawa gareji gobe, sai a..."

"Taki?" Ya ajiye jakar a ƙasa, ya tsuguna ya fara zaɓen sifana. "Taki ta ƙone tun ranar Litinin, tana cikin kwata. Motata kwana uku tana tsaye da kayan mutane a ciki. Buɗe min bonet."